Haƙorin Zukiswa

Kwana tara ke nan jirgin ruwan yana ɗaure a tashar Cape Town, kwana takwas kuma ke nan haƙorin Zukiswa yana mata zugi, ba ta gaya wa kowa ba.

Su goma aka zaɓa su je su yi wata goma sha huɗu a sansanin bincike na Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, kuma ita ce za ta kula da na'urar da ke auna sararin sama. Shekara uku tana neman wannan gurbi, sau biyu ana mayar da ita, sai a na uku aka ɗauke ta. An gwada jini, an duba zuciya, an leƙa bakinta tun watan Agusta aka ce lafiya lau. Ta saki ɗakin hayarta, ta kai kayanta gidan mahaifiyarta a Cofimvaba, tsohuwa ta yanka tunkiya aka yi mata ban kwana, har ta saƙa huluna goma ta ce a raba wa abokan tafiya ranar tsakiyar hunturu.

Ran Asabar ya kamata su tashi. Sai injin ɗaga kaya na jirgin ya ƙi aiki, aka zauna jiran wani guntun ƙarfe daga ƙetare. Ƙarfen na isowa iskar kudu maso gabas ta taso, irin wadda ke lulluɓe kan Dutsen Tebur na bayan birnin da farin gajimare, aka hana manyan jirage fita. Kowace safiya shugaban tafiyar, wani dattijo da kowa ke kira Oom Kobus, wato Kawu Kobus, yakan tsaya a ɗakin cin abinci na masaukinsu ya sosa gemu ya ce gobe. Wannan goben ce ta cuci Zukiswa. Da an ce musu sati za a yi, da tun ranar farko ta nemi likita. Amma ƙa'ida ce, wanda aka cire wa haƙori sai ya yi kwana bakwai kafin a sa masa hannu ya shiga jirgi, kuma wa zai buɗe baki yau alhali gobe za a tashi?

Sai ta koma taunawa da gefen hagu. Ta sayi man kanumfari a wani kantin magani mai nisa da tasha, tana ɗiga shi a auduga tana cusawa. Da rana sukan zauna a dogon tebur da hantsaki suna tsince ƙwayar ciyawa daga aljihunan riguna da bakin safa, don ko ƙwaya ɗaya ba a yarda ta bi su can ba. Wannan aiki ya yi mata daɗi, tunda mai sunkuyar da kai ba a ganin kumatunsa.

Akwai kuma Ferdi Jantjies, wanda aka ajiye ko da wani zai fasa. Kullum yana zuwa da jakarsa a ɗaure, ya zauna a cikinsu ya taya su tsintar. Ba mugu ba ne, barkwanci ne dai ya yi masa yawa.

"Sisi, ko ɗan tari ba kya ji?" ya ce mata, sisi kuwa 'yar'uwa ke nan a bakinsu. "Ko mura? Taimaki ɗan'uwanki mana."

"Kwance jakar nan ka shanya kayan, bhuti ɗan'uwana, kafin su yi fumfuna," ta ce.

Aka yi dariya, ita ma ta yi da rabin baki. A ranta kuwa tsoro ne, don tun ranar Alhamis ciwon ya bar haƙorin ya hau kunne.

Safiyar Lahadin nan likitar tawagar, Dakta Rashieda Fortuin, ta shigo da faranti cike da koesister, wani irin fanke da gwaggonta ta soya, suna ɗumi, ruwan sukari na naso, an barbaɗe su da kwakwa. Kowa ya san Zukiswa da zaƙi, makon jiya huɗu ta ci a zaune. Ƙin ɗauka tonon asiri ne. Ta ɗauki ɗaya ta gatsa da hagu a hankali, amma ruwan sukari ba ya bin umarnin kowa, ya zagaya ya sami wurin. Ba ta yi ƙara ba. Ta dai riƙe gefen tebur har hawaye ya gangaro mata daga ido ɗaya.

Daidai lokacin Oom Kobus ya shigo, yau bai sosa gemu ba. Ya ce masu duba yanayi sun tabbatar iska za ta faɗi, jirgi zai tashi ran Talata da ƙarfe goma. Ɗaki ya kaure da tafi da bugun tebur. Dakta Rashieda ba ta tafa ba. Ta zagayo ta bayan Zukiswa ta ce mata a kunne ta biyo ta.

A ɗan ɗakin duba marasa lafiya ta haska mata baki, ta taɓa dasashin da yatsa, Zukiswa ta zabura.

"A gidan da ake girki da kanumfari na tashi," in ji likitar. "Tun jiya nake jin ƙamshinsa, na ce ko daga kicin ne. Yaushe ya fara?"

Zukiswa ta so ta ce shekaranjiya, amma ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Ta faɗi gaskiya. Ta kuma shiga roƙo: a ba ta ƙwayoyi, a bari sai jirgi ya yi nisa Dakta ta cire da kanta, ai an koya mata. Likitar ta ce sati biyu kacal aka koya mata cirar haƙori, wannan kuwa matauni ne mai lanƙwasasshiyar saiwa, ga mugunya a ƙasa. In ya tashi a watan Yuni, lokacin da rana ba ta fitowa kuma babu jirgin saman da ke iya sauka, mutum tara ne za su tsaya suna kallonta.

"Rashieda, don Allah. Shekara uku."

"Na sani, sisi. Da kin zo min ran Litinin ɗin da ta wuce, da yau kin warke, da jibi muna tare a jirgi." Ta kashe fitilar. "Kwanakin jiran nan da kike zagi, naki ne aka ba ki."

Wannan magana ta fi haƙorin zafi, don gaskiya ce.

Ran Litinin da safe aka cire shi. Minti arba'in aka yi, aka nuna mata shi a ɗan kwano, abu bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Da ta dawo masauki ta tarar da Ferdi a bakin ƙofa, karon farko da ta gan shi ba dariya. Ya fara cewa wallahi wasa yake yi da maganar tarin nan. Ta ɗaga masa hannu, don bakin ba ya buɗuwa. Ta miƙa masa littafin da ta rubuta halayen na'urar, da jakar huluna. Ta zaro hula ja daga ciki, tata ce, ta juya ta a hannu, sannan ta mayar. Goma aka saƙa, goma za su tafi.

Duk da haka ba ta fid da rai ba. Oom Kobus ya ce in iska ta sake riƙe su har Litinin mai zuwa, gurbinta na nan. Ita da ta yi kwanaki tana tsine wa iskar nan, yanzu ita take roƙo.

Ran Talata da sassafe ta buɗe taga ta dubi dutsen. Kansa fes, ko ɗigon gajimare babu, tutocin tasha sun langaɓe a jikin sanduna. Ta sa riga ta tafi bakin ruwa ta tsaya a cikin iyalan masu tafiya. Aka kwance igiyoyi, jirgin ya yi ƙugi mai tsawo, ta hango Ferdi a sama, ya kasa ɗaga mata hannu har sai da ita ta fara ɗagawa. Ta tsaya har jan jikin jirgin ya wuce katangar tasha.

Ta kai harshe gurbin haƙorin a hankali. Ba ya ciwo ko kaɗan.