Kada Ki Motsa

Auduga ba ta son a ɗauke ta. Tun ranar da na kawo ta gida a kwalin takalmi, duk wanda ya sa hannu a ƙarƙashin cikinta sai ta yi ta harbi da ƙafafun baya har ta bar masa zane a fata. Zomanya ce fara sol, mai jajayen idanu, kunnuwanta sirara ne har in rana ta haska su kana ganin jijiyoyin ciki kamar na ganye. Ita ke zuwa wurin mutum, in ta ga dama. Ina zaune a ƙasa ina duba aikin 'yan ajina sai in ji hancinta a idon sawuna, ta ɗan tsaya, ta wuce abinta. Wannan 'yar tsayuwar ta ishe ni farin cikin yini guda.

Ɗakinmu ni da Yaya yana can hawa na ƙarshe na bene, rufin yana shan rana tun hantsi har la'asar. Da zafi ya shigo sai rayuwata ta koma hidimar Auduga, domin zomo ba ya gumi, kunnuwansa ne kawai ke fitar masa da zafi, in suka gaza kuwa shi ke nan. Na cika firiji da robobin ruwa. In sun daskare in naɗe su a tsohon tawul in jera a gefen kejinta, ta zo ta jingina. Na shimfiɗa mata wani fasasshen tayil da na tsinto a ƙasan bene. Labule a sauke yake yini, fanka kuma na juya ta bango don kada iska ta buge ta kai tsaye.

"Auta," in ji Yaya, ta buɗe firiji ta tsaya, "ni yanzu ruwan sanyi ma sai na nemi izinin gimbiya mai kunnuwa? Ni da na goya ki har bayana ya rame, ko jiƙaƙƙen tsumma ba ki taɓa ɗora min a goshi ba."

"Ke ai kina gumi, Yaya."

"Allah ya shirye ki."

Sai fankar ta ƙone. Ƙanƙarar kan narke kafin azahar, ni kuwa ba na tashi daga makaranta sai rana ta karkata. Kullum da gudu nake hawa benen nan.

Mai Hoto ne ya kawo mafita. Shi ne mutumin da zan aura. Mun haɗu ranar da ya zo ɗaukar 'yan ajina hoto, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, mai haƙurin da ban taɓa gani a wurin namiji ba. Na karanta labaran soyayya har sun fi ƙarfin kantata, amma babu wanda ya shirya ni ga irin kallonsa, kallon mutumin da ke jiran wani abu a fuskarka wanda kai ma ba ka san yana nan ba. Ranar da ya fara ɗaukata hoto a shagonsa ya kashe esi, na'urar sanyaya ɗaki, wai iskarta tana kaɗa min mayafi. Ya kunna manyan fitilunsa ya zauna. Na yi ta surutu, na yi ta dariya, shi ko yana ta jira. Sai da zufa ta jiƙa min wuya, surutu ya ƙare, kafaɗuna suka sauka, sannan na ji ƙyas ɗin kyamara. Ya ce, "Kin fi kyau in kin yi shiru, Malamata." Na kwana ina juya maganar a raina kamar alewa.

"Ki kawo ta shago mana," ya ce da na gaya masa damuwata. "Esi yini yake a kunne. Ki ajiye ta da safe, ki ɗauka da yamma."

Na kusa yin kuka don godiya. Shagon yana kan hanyata, tsakanin kantin magani da mai gyaran agogo. Tun daga waje kana jin akwatin esin da ke maƙale a bango yana kugi, yana ɗigar da ruwa a gefen titi. Wannan kugin ya zame min waƙa. In na ji shi da safe sai in miƙa keji in tafi aji da kwanciyar rai.

Ba a daɗe ba hotuna suka fara bayyana a gilashin shagon. Yara cikin kayan ado, kowanne da farar zomanya a cinyarsa, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da kunnuwa, kamar an zuba madara. Iyaye mata suka ji labari, benci ya cika da masu jira.

"Yaya aka yi ta yarda?" na tambaye shi. "Ni ko minti ɗaya ba ta yi min a cinya."

Ya yi murmushi yana goge gilashin kyamara. "Sirrin sana'a ne. Kowace halitta tana da lokacin da take natsuwa."

Har kishi na ji, wallahi. Na ɗauka shi ta fi so.

Yaya ce ta fara magana. "Auta, gimbiyarki fa ta bar cin igiyar cazata. Jiya na ajiye ta a gabanta da gangan, ko shinshinawa ba ta yi ba." Gaskiya ne. Auduga kan dawo gida ta kwanta a tayil ɗinta ta ƙi ciyawa, ta kafa kai a kwanon ruwa. Na gaya wa Mai Hoto, ya ce gajiyar wasa da yara ce. Na yarda, don muryarsa irin wadda ake yarda da ita ce.

Ranar da abin ya faru ruwan famfo ne ya ɗauke a makaranta, aka sallame mu tsakar rana. Na biya na saya masa lemo mai sanyi, ina ta tsara yadda zan shigo masa ba zato. Da na iso ƙofar shagon na ji wani abu ya canza, ban gane ba sai da na ɗaga kai. Akwatin nan na bango ya yi tsit. Inda ruwa ke ɗiga ya bushe ƙarau. Amma fitilar kantin magani tana ci, wuta ba ta ɗauke ba.

Mata biyu suna kan benci suna fifita da mayafi. Na wuce su na tura ƙofar ɗakin ciki.

Zafi ya mare ni kamar na buɗe tanda. An rufe taga, an saki labule mai kauri, manyan fitilu duka suna ci. Kejin Auduga yana ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, babu kwanon ruwa a ciki. Wata yarinya cikin rigar leshi tana zaune a kujera, hoda tana narkewa a fuskarta, uwarta a gefe tana ce mata ta yi murmushi. A cinyar yarinyar Auduga ce, a miƙe kamar yadda take a hotunan gilashi. Sai dai hoto ba ya nuna baki a buɗe. Ba ya nuna haƙarƙari yana bugawa kamar zai tsage, ko jiƙaƙƙen hanci, ko kunnuwan da suka yi jawur.

Lemon ya suɓuce daga hannuna.

"Malamata," ya ce, bai ko cire ido daga kyamara ba, "ki ja ƙofar, iska tana shigowa."

Na fizge ta daga cinyar yarinyar. Ba ta yi harbi ba. A karon farko tun da na san ta, ta kwanta a ƙirjina lagwaf, kunnuwanta suna ƙona min wuya.

"Me ka yi mata? Ina ruwanta? Kunna esin!"

"Ɗan lokaci ne kawai," ya ce a hankali, irin yadda nake yi wa yaro bayanin lissafi. "In ɗakin da sanyi ba ta zama, ta yakushi 'yar mutane makon farko. In ta ji ɗumi kuwa sai ta yi laushi. Kullum haka muke yi, in an gama in kunna mata, kafin ki zo ta farfaɗo. Yau dai mutane ne suka yi yawa."

Na durƙusa a ƙasa, na kwance mayafina, na jiƙa shi da ruwan da ke cikin jakata. Na shafa mata a kunnuwa a hankali, ciki da waje, ina hura mata iska da bakina, ina kiran sunanta. Na ɗiga mata ruwa a leɓe, ya gangaro ta gefe. Na ce masa, "Don girman Allah, kunna." Ya laluba aljihu ba gaggawa, ya zaro rimot ya danna. Iska ta fara saukowa.

"To mu fa?" in ji uwar yarinyar. "Tun safe muke layi, Malam. Kwalliyar 'yata duk ta lalace."

"Yi haƙuri, Hajiya, yanzu za a ci gaba."

Auduga ta miƙe ƙafafun baya sau ɗaya, da ƙarfi, ta zana min farce a hannu kamar da. Na ce alhamdu lillahi, ta dawo. Sai kanta ya faɗa baya. Haƙarƙarin ya tsaya. Sanyin ya iso inda muke a daidai lokacin da ba wanda ke bukatarsa.

Yarinyar ta ce, "Mama, ta yi barci?"

Ban yi ihu ba. Na zauna a wurin, gashina a buɗe, ita a ƙirjina, hawaye suna zuba ba sauti. Na ji takunsa yana matsowa, kuma har a lokacin, Allah ya sani, jira nake ya durƙusa ya ce ya yi kuskure.

"Zan samo miki wata," ya ce. "Fari ai fari ne."

Na ɗago kai na dube shi.

"Tsaya haka," ya ce da sauri. Idonsa ya yi wani haske da na sani sarai. "Kada ki motsa."

Ƙyas.

Ya juyo min da bayan kyamarar, fuskarsa cike da irin murnar da na taɓa ɗauka so ce. "Dubi nan. Ban taɓa ganin kin yi kyau haka ba."

Na naɗe Auduga a jiƙaƙƙen mayafin na fita. Zoben da ya ba ni na bar shi a cikin keji, a inda kwanon ruwa ya kamata ya kasance. Yaya ba ta yi tsokana ba ranar. Ita ta ari fartanya, ita ta haƙa ramin a bayan bene, da muka hau sama kuma ta kwashe robobin nan daga firiji kafin in gan su.

Hanyar makaranta ɗaya ce, ba yadda zan kauce wa shagon. Bayan mako guda na ga an kwashe hotunan yara daga tsakiyar gilashin, an kafa babba guda ɗaya. Ni ce, a durƙushe, ido cike da ruwa, farar zomanya a ƙirjina. Wasu 'yan mata sun tsaya suna kallo, ɗaya tana cewa, "Kai, ji yadda ta yi luf a jikinta. Dabba ma ta san mai son ta."

Ta bayan hoton na hango benci cike da mata da yara. Na hango kejin Auduga a kan tebur, wani farin zomo ƙarami yana zagaye a ciki, yana tsalle, yana cizon ƙarfe. Mai Hoto ya fito daga ɗakin ciki ya ɗauki kejin, ya yi wa wata uwa alama da hannu, ya shiga ya ja ƙofa.

Akwatin da ke bango a saman kaina yana ta kugi, yana ɗiga min ruwa a takalmi. Ina tsaye a wurin ya yi shiru.