Shaidar Mai Kitso

"Ba za ta shiga ba," in ji Amastan, ya tokare ƙofar gidan da hannu biyu. "Uwata na fama da ranta, ki kawo mata 'yar sanda? Haba Inna Sa'a!"

Sa'a ta gyara ɗaurin zaninta. Tun safe ba ta ɗora kaskon ƙosai ba, ƙullun na can a roba yana tsami. Bayanta Madam Siddiƙa ce tsaye, 'yar sanda daga komisariya, wato babban ofishinsu. Ta rufa hijabi kan kayan aikinta don kada unguwa ta taru, amma takalman sun tona ta, maƙwabta har sun fara leƙe.

"Amastan, ni ce fa," in ji Sa'a. "Tun kana yawo ba wando na san ka. Matsa."

"Wallahi ba na matsawa. So kike a ce uwata tana shiga wancan gida? A riƙa faɗa a wajen zaman makokinta?"

Ga abin da ya faru. Shekaranjiya 'yan sanda suka faɗa wa wani gida a bayan tashar Arlit, inda ake kulle mata ana kawo musu direbobi da masu haƙar zinariya. Mata tara aka kwaso. A cikinsu har da Sadiya, 'yar ƙanwar Sa'a, wadda wata shida ke nan dangi a Matamaye ke cewa tana Tamanrasset tana aikatau. Ashe tana nan, layi huɗu tsakaninta da murhun Sa'a.

Da safen nan Madam Siddiƙa ta zaunar da Sa'a a kan benci a komisariya ta yi mata bayani. Doka ta ce wadda aka yaudara aka kawo ba mai laifi ba ce, kula da ita ake yi. Wadda ta kawo su, ita ake kai wa alƙali. To amma magajiyar gidan ta ɗaura zani irin nasu, ta shige cikinsu, ɗaki ɗaya suke kwana, kuma duk taran bakinsu ɗaya: su suka kawo kansu, ba wanda ya sa su. In gobe ta yi ba shaida, sai a sallame su gaba ɗaya.

"'Yarki ta kai shekara sha tara, ba ni da ikon ɗaure ta a gidanki," in ji ta. "In ta ce tare za su tafi, tare za su tafi. Kuma wannan karon arewa za a yi da su, ƙetaren hamada."

Sa'a ta ga Sadiya ta taga. Yarinyar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Abin da ta ce kawai, "Inna, ki bar ni. In na yi magana haukacewa zan yi."

Mace ɗaya ce daga waje ke shiga gidan da aka kulle matan, ita ce Dassin mai kitso, uwar Amastan. Katanga ɗaya ta raba gidanta da na Sa'a shekara ashirin. Ita ta tarbi Sa'a ranar da ta sauka garin nan da tabarma da tukunya biyu, ita ta yanke cibiyar 'ya'yanta huɗu. Yau sati uku ƙirji ya kwantar da ita, likita ma ya ce a mai da ta gida.

"Kitso ta yi musu," in ji Sa'a. "Kitso haramun ne? Kai da kake tuƙi, ka taɓa tambayar fasinja ko ya yi sallar asuba?"

Amastan ya buɗe baki ke nan, sai ga wata siririyar murya daga ɗaki.

"Amastan. Wa ne?"

"Inna Sa'a ce, Anna. Da baƙuwa."

"Bar shi ya shigo."

Haka Hausar Dassin take, Buzuwa ce, mace da namiji duk ɗaya, kuma unguwa ta saba. Anna kuwa uwa ke nan a yarensu. Amastan ya sauke hannu ɗaya. Sa'a ba ta jira na biyun ba.

Dassin na kwance kan gadon ƙarfe, ta ƙanƙance kamar yarinya. Sa'a ta zauna, ta tallabo kanta, ta jiƙa mata leɓe da ruwa, sannan ta gaya mata komai, ba kwana-kwana. Da ta ambaci Sadiya sai tsohuwar ta rufe ido.

"Wanne ne naka?"

"Doguwa, baƙa, mai wushirya."

"Mai kuka ba sauti," in ji Dassin. "In ina masa kitso, cinyata jiƙewa yake yi. Ban san naka ne ba, Sa'a. Suna dabam aka ba shi."

Madam Siddiƙa ta durƙusa, ta fito da takarda da biro. "Anna, sannu da jiki. Kin san sunan magajiyar?"

"Suna? Kowane wata sabon suna. Ni kai na sani." Ta yi tari mai tsawo, Amastan ya matso daga bakin ƙofa. "Ka cire musu ɗankwali. Ka duba ƙeya, nan ƙasa. Duk wanda aka kulle, an aske masa gashi kamar faɗin kwabo. In ya tsiro a sake askewa. Da shi ake tsorata su, wai in sun gudu ko sun yi magana za a kai wa boka. Ni nake jawo kitso in rufe wurin. Takwas an aske. Ɗaya ba a aske ba."

Biron ya tsaya. "Ita ce?"

"Shi ne. Kuma ba ya zama ƙasa, kujera ake kawo masa." Ta ja numfashi. "Gashin yana cikin gwangwanin madara, ƙarƙashin randa, a binne."

Madam Siddiƙa ta rubuta, ta karanta mata daga farko har ƙarshe, ta ce ko akwai gyara. Dassin ta ce babu. Aka shafa wa babban yatsanta tawada. Hannun ya ƙi ɗaguwa. Amastan ne ya durƙusa, ya riƙe shi ya dangwala a takardar.

Da 'yar sandan ta fita, Dassin ta kamo gefen zanin Sa'a.

"Na gani, na yi shiru. Na ji tsoro. Ka yafe mini."

"Ke Anna, bar wannan! Mu ke neman yafiyarki. Wa ya yi mana abin da kika yi yau? Allah Ya saka miki da Aljanna, Ya sa ki same shi a mizani."

"Ƙosanka fa? Ban ji ƙamshi ba yau."

"Ƙullun ya yi tsami."

"Rago," in ji Dassin, har ta ɗan murmusa.

Ana kiran azahar numfashinta ya canza. Sa'a ta sunkuya tana maimaita kalmar shahada kusa da kunnenta, a hankali, ba ta matsa mata ba. Leɓen ya motsa sau biyu. Shi ke nan. Sa'a ta shafe mata ido, ta ɗaure haɓa da ɗankwali, ta ce wa Amastan ya je ya gaya wa liman, ta aika a ɗora ruwa.

Ita da wata dattijuwa suka yi wankan. Dattijuwar ta dirji yatsan da sabulu, tawadar ta ƙi fita, ta ce a kawo toka.

"Bar ta," in ji Sa'a. "Ba najasa ba ce."

Bayan la'asar maza suka ɗauke ta. Sa'a ta tsaya bakin ƙofa har makarar ta sha kwana, sannan ta koma ta hau shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi.

Washegari da hantsi ana cikin zaman makoki motar komisariya ta tsaya a bakin layi. Madam Siddiƙa ta fito, ba hijabin ɓoyo yau, Sadiya na bayanta. Ta gaya wa Sa'a a gefe cewa an duba, haka abin yake, takwas da ɗaya. An tono gwangwanin. Da aka ajiye shi kan teburi, aka fita da matar da ankwa a gabansu, Sadiya ce ta fara buɗe baki, sauran suka bi. Za a kai magajiyar gaban alƙali. Bakwai ɗin za a kai su gidan da hukuma ke kula da irinsu kafin a nemo danginsu. Sadiya kuwa ta zauna wajen innarta, amma ranar shari'a dole a kawo ta.

"A ka zan ɗauko ta in ta kama," in ji Sa'a.

Sadiya ba ta wuce gida ba sai da ta je gaban Amastan, yana zaune cikin maza a inuwar katanga. Ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, ya haƙuri? Allah Ya ji ƙan Anna."

Amastan ya dube ta, ya ce, "Amin, ƙanwata. Shiga ki sha ruwa."

Sa'a ta kai ta ɗaki, ta zuba mata fura, ta tsaya a kanta sai da ta shanye. Kafin ta ɗauraye ƙwaryar ta dawo, yarinyar ta ɓingire a tabarma. Rana ta shigo ta ƙofa ta kwanta mata a ƙafa. Sa'a ta kama ƙyauren za ta jawo.

"Inna," in ji Sadiya, ido a rufe, "bar shi a buɗe."

Sa'a ta saki ƙyauren, ta sa dutse ta tokare shi. Ta bayan katanga ana jin liman yana cewa a yi wa Annabi salati.