Bandar Kifin Aissa

Ranar Alhamis, jajiberen ƙaramar Sallah, birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, ya wayi gari ƙanƙara ta rufe komai. Rassan itatuwa suka karyo kan wayoyi, wuta ta ɗauke har ƙauyen Pleasant Garden, inda Hassoumi yake zaune a gidan yayarsa Tchima.

Hassoumi ɗan masunta ne daga Gaya, kuma tun bazara yake riƙe da Aissa, 'yar Tchima, a zuciya. Ita ilimin teku take karantawa can bakin ruwa. A bazarar ne ya je kamun kifi, ya ce ta raka shi. Da ma'aikacin kula da kifi ya zo duba abin da aka kama, ya tambaye ta, sai ta ce rabinsu ba su kai girman da doka ta yarda ba. Aka ƙwace kifin, aka ƙwace lasisinsa. Tun daga nan abokinsa Rachid yake kiransa a ƙofar masallaci, "Sarkin Ruwa mai kamun jarirai!"

To, firizar makarantar su Aissa ta cika, don haka kifin bincikenta a firizar garejin uwarta yake. Shekara biyu tana tara su daga bakin kogin da ruwansa ke lalacewa, kowanne da lambar roba a baki mai nuna inda aka kama shi. Hantarsu za ta duba ta gano abin da ke kashe su. In babu su, babu digiri.

Da hantsi ta bugo waya.

"Kawu, don Allah a fitar da su waje cikin kula. Sanyin waje ya ishe su. Kada a taɓa lambobin."

"An gama, likitar kifi," in ji shi.

Ya san gaskiyarta, ko ruwa aka ajiye a tsakar gida daskarewa yake. Amma ya jawo rabin durom, ya tara karyayyun rassa, ya hura wuta. Ya farke kowane kifi, ya watsa wa magen maƙwabta kayan cikin, ya jera kifin kan wuta ya yi banda. Lambobin kuwa ɗaya bayan ɗaya yake jefawa a garwashi, yana kallon yadda suke lanƙwashewa.

Tchima ta leƙo. "Kai Hassoumi, ba na yarinyar nan ba ne?"

"Ceto nake, Yaya. Ko kin fi so su ruɓe?"

Ran Sallah baƙi suka cika falo, kowa cikin rigar sanyi, ana ci da yaji. Rachid ya lashe yatsa ya ce, "Sarkin Ruwa, yau dai manya ka kamo!"

Da hanya ta buɗe, Aissa ta iso gaisuwar Sallah. Ƙamshin ta fara ji. Ta wuce gareji, ta dawo ta tsaya a ƙofa. Hassoumi ya miƙa mata faranti a gaban kowa.

"Auna wannan, 'yata. Ya kai?"

Ba ta yi kukan da ya so gani ba. Uwarta ta kalla. Tchima ta karɓe farantin daga hannunsa ta ce, "Gobe ka nemi wurin kwana."

Abin da ya salwanta: kifi ɗari da arba'in da lambobinsu, shekara biyu na Aissa, ɗakin Hassoumi, da kiran Kawu.