Musabahar Mutum Goma

A ajinmu na shekarar farko a sashen lissafi na jami'ar Maradi, ni kaɗai ce mace. Benci na gaba nake zama, ba don ƙwazo ba, sai don in na zauna a baya, duk bencin ke watsewa ya bar ni kamar mai ƙyanda. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana. Ina ma sun gaya mini, da ko rigima mun yi an saba.

Darasin da ya tsaya mini a wuya shi ne lissafin ƙirge da kafa hujja, wanda Mushe Dalhatu ke koyarwa, "Mushe" kamar yadda muke kiran malamai da Faransanci. A wurinsa ba ya isa ka ce abu gaskiya ne, sai ka nuna dalili ɗaya bayan ɗaya har ba inda za a tsaya a yi musu. Maza suna haɗuwa da la'asar gindin dogon yaro, da butar shayinsu, su yi ta gardama kan tambayoyin har su warware. Ni kuwa ɗakin haya nake komawa in yi gardama da bango.

Baba ya riga ya yanke magana tun ranar da ya raka ni tashar Gazawa. Shekara guda ya ba ni. In na wuce, in ci gaba. In na faɗi, in dawo gida in nemi koyarwa a lakol, makarantar bokon garinmu, in riƙa taya Inna tsintar aya. Sauran darussa na tsallake su da ƙyar. Wannan ne kaɗai ya rage, kuma da sakamako ya fito, maki biyu suka hana ni wucewa.

Tambayar da ta kayar da ni ko yaro ya ji sai ya raina ta. Maza biyar da mata biyar sun haɗu a wurin biki, aka gaisa da musabaha, ba wanda ya maimaita da wani. Musabaha nawa aka yi? Na rufe ido na ga bikin sunan ɗan yayata Rukaiya: maza a ƙofar gida kan tabarmi, mata a tsakar gida. Maza biyar a tsakaninsu, goma. Mata biyar a tsakaninsu, goma. Na rubuta ashirin, na jero hujjata tsaf, har ina jin daɗin kaina. Mushe ya zana mini sifili mai girman ƙwan zabo.

Da na ga sifilin ban je buronsa, wato ofishinsa, ba. Me zan ce? Na koma ɗaki na fara tura kayana cikin buhu, na mayar wa matar da nake haya a gidanta bokitinta.

Ranar gyaran jarrabawa Mushe ya shigo aji yana huci.

"Akwai wanda ya rubuta mini ashirin," in ji shi. "Ashirin! Amsa arba'in da biyar ce. Tunda kai bai ɗauka ba, bari ido ya gani. Ku goman nan na gaba, ku taso."

Bai duba ko su wa ke gaba ba. Maza tara suka miƙe, ni ta goma.

"Kowa ya ba kowa hannu. Munir, kai ka ƙirga da ƙarfi."

Munir, wani dogon yaro ɗan Cadawa, ya fara ƙirga. Suka shiga tafawa suna dariya, wannan ya kama wancan, ana "ina gajiya" kamar an shekara ba a haɗu ba. Ni ina tsaye a tsakiyarsu, hannuwana cikin hijabi. Suka riƙa kewaye ni kamar yadda ake kewaye turmi a tsakar gida. Da Munir ya iso gabana ya ɗan ɗago hannu, sai ya mayar da shi ƙirjinsa ya sunkuyar da kai. Ni ma ba zan miƙa ba, haka aka rene mu duka. Amma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na lokacin nan ba, ga mutane har numfashinsu ina ji.

"Talatin da shida, Mushe," in ji Munir.

"Sake ƙirgawa."

"Mushe, talatin da shida ne. Latifa ba ta ciki."

Mushe Dalhatu ya dube ni, ina jin ranar ce ya fara sanin kamannina. Ya dubi littafin da ya kwafo tambayar, bugun Faransa, ya juya shi ya dubi bangonsa.

"Ke ce mai ashirin?"

"Ni ce, Mushe."

"Mi ya sa ba ki zo kin yi mini bayani ba?"

Ya jawo takardata daga cikin tarin, ya karanta hujjar a tsaye, leɓɓansa na motsi. Ya ce ban faɗi sharaɗin da na ɗora lissafin a kai ba, kuma wannan laifi ne a wurin mai kafa hujja, don haka ba zai ba ni duka ba. Ya soke sifilin ya rubuta uku.

Aka tashi. Maza suka fita suna ƙyaƙyata yadda Mushe ya yi zuru, kowa na ba da labarin kamar shi ya kama shi. Suka nufi gindin dogon yaro. Ba wanda ya waiwayo.

A bakin titi na kira Baba. Ina jin kukan awakinmu a bayansa, da muryar Inna tana tambayar ko wa ke magana.

"Baba, na wuce."

"Alhamdu lillahi! Ɗiyata ta wuce! To sai ki zamna nan ki dage, kin ji? Kada ki damu da mu."

Na ce to. Na koma ɗaki na kwance bakin buhun, na fara fito da kayan ɗaya bayan ɗaya ina kuka, don sai a lokacin na gane ashe gida nake so in tafi.