Kan Tukunyar Iska

"Iska dai akwai, Mama, tukunyar cike take," in ji nas ɗin, tana ƙwanƙwasa doguwar tukunyar ƙarfen da yatsa. "Kanta ne babu."

"Wane irin kai kuma?"

"Wanda ake ɗaura mata a sama, mai agogo da robar hanci. In babu shi, iskar ba ta da hanyar isa wurin mara lafiya. Namu na ɗakin nan duk sun yi ƙafa."

Mai Ɗinki ta juya ta dubi maƙwabcinta, Baba Mai Gyara, kwance a kan gado, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri. Da safen nan ta tsince shi a ƙofar shagonsa, inda yake gyaran fanka da rediyo, ya jingina da bango ya kasa ko amsa gaisuwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata.

Mai Aski, wanda ya taimaka aka sa shi a mota, ya so a kai shi asibitin kuɗi. Baba ya girgiza kai. Dama tsohuwar gardamarsu ce, kullum da yamma sai sun taɓa ta.

"Magani kyauta?" Mai Aski kan ce, yana wasa askarsa. "In ka ga tsoka a ruwa, Baba, ƙugiya na ciki."

"Ba sadaka ba ce, haƙƙinmu ne," Baba kan amsa. "Da guminmu aka gina wurin nan. Ran da na kwanta, can za ku kai ni."

To, ga shi sun kai shi.

Mai Ɗinki ta tambayi inda ƙanenta yake, Auta, wanda ke tura gadon marasa lafiya a asibitin. Aka ce yau yana hutu. Ta kira wayarsa, a kashe. Ita ta raini Auta bayan rasuwar mahaifiyarsu, amma a shagon Baba ya girma, can yake cin abincin rana. Aikin asibitin ma Baba ne ya samo masa, ya yi ta zirga-zirga da babbar rigarsa guda ɗaya har takalminsa ya tsinke, ya tsaya masa a matsayin uba.

"Na aika a aro mana daga ɗakin haihuwa," in ji nas ɗin. "Kafin nan ki kawo bargo da matashi mu tada shi zaune. Su ma babu."

Mai Ɗinki ta koma gida da sauri. Bargonta a jiƙe yake kan igiya, sai ta tura ɗakin Auta. Ta jawo nasa daga saman akwati, wata jaka ta biyo shi ta faɗi ƙasa da ƙarar ƙarfe. Bakin jakar ya buɗe. Ta durƙusa. Ƙarafa ne masu ruwan tagulla, kowanne da ɗan agogo a jikinsa, da robar hanci a nannaɗe, da shuɗin fenti irin wanda ta gani a jikin gadajen asibitin.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a durƙushe ba. Inuwar mutum ce ta rufe ƙofa.

"Yaya, me kike nema a ɗakina?"

Ta ɗaga ɗaya. "Mene ne wannan?"

Auta ya shigo ya tura ƙofa. "Ajiya aka ba ni."

"Ka dubi idona."

Bai duba ba. "Yaya, kowa yana yi. Daga na sama har na ƙasa. Wasu da mota suke kwasa, ni da na ɗauki ɗan wannan ne ɓarawo? Kayan hukuma ne, ba na kowa ba."

"Baba yana can. Tun safe yake kokawa da numfashi, ga tukunya cike a gefensa."

Ta ga maganar ta dake shi. Ta jira ya fizgi jakar ya ruga asibiti, don shi ya san yadda ake ɗaurawa, kuma ya fi ta sauri. Har ta miƙa masa.

"Wa ya san Baba zai kwanta a can?" Abin da ya ce ke nan. Sannan ya rage murya. "Kada ki kai. Za su tambaye ki inda kika samo. Kora ta za a yi, Yaya, ɗaure ni za a yi. Ki bari zuwa gobe in san yadda zan mayar da ɗaya ba wanda ya gani."

"Gobe?"

Ya riƙe hannun jakar. Ta dubi hannun nan da ta sha wankewa yana ƙarami, ta dube shi, har ya saki. Ta rungumi jakar da bargon ta fita. A bakin titi ta waiwaya, ko zai biyo ta. Bai biyo ta ba.

Da ta shiga ɗakin marasa lafiyar, an ja labule a gadon Baba. Mai Aski na zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Nas ɗin ta fito daga bayan labulen.

"Sai haƙuri, Mama. Na ɗakin haihuwa ma yana hancin wata."

Mai Ɗinki ta ajiye jakar a kan tebur ta buɗe. Nas ɗin ta leƙa, ta ɗago.

"A ina kika samo waɗannan?"

"A gidanmu. Ɗakin ƙanena, mai tura gado."

Nas ɗin ta zaro ɗaya, ta nufi wani tsoho da ke haki a gadon ƙarshe. Tana ɗaurawa ta yi magana, ba ta juyo ba.

"Baba ya ce in gaya miki kada a taso yaronsa daga hutu. Wai yana wahala da aiki, a bar shi ya huta."

Bayan an yi jana'iza, mutanen layin suka yi ta maganar asibiti a ƙofar gida. Wasu na cewa gara a sa kuɗi a san an biya, wasu na cewa talaka ya mutu ke nan. Aka juyo wurin Mai Aski, tun da maganarsa ce ta fito.

"Ku ƙyale ni," ya ce. "Wallahi na so a ce shi ya ci gardamar nan."

Auta bai zo zaman makoki ba, bai kuma dawo gida ba. Mai gadin asibiti ya zo nemansa, ta nuna masa ɗakin, ta koma kan kekenta. Ba ta taka shi ba.

Kwanaki kaɗan bayan haka wata mata ta yi sallama, ta ce kwanakin baya ta kawo wa Baba dutsen guga gyara, ba ta ji labarin rasuwar ba sai yanzu. Mai Ɗinki ta ɗauko mabuɗi ta buɗe shagon. Dutsen gugar na kan tebur, cikinsa a buɗe, ƙananan kusoshinsa a jere cikin murfin gwangwani. Tabarau ɗin Baba na gefe, ƙafarsa ɗaya ɗaure da baƙin zare.

Matar ta miƙa hannu, sai ta janye.

"Bar shi tukuna," ta ce. "Ba sauri nake ba."