Sharar Ashta

Shekara goma sha tara ina bin sawu a bakin kogin Bahar Salamat, kuma har yau ko sunana ban iya karantawa a takarda ba. Yashi nake karantawa. Zangonmu ƙarami ne, tanti shida a jere ƙarƙashin tsamiyoyi, da kicin, da rumfar cin abinci, sai bukkokinmu na ma'aikata. Ba katanga, ba waya. Nasara ba su taso daga ƙasarsu don su kwana a bayan katanga ba, so suke su ji numfashin ɓauna a jikin tanti, su je gida su ba da labari.

Tsaron zangon a wuyana yake. Kowace magariba nakan ɗauki manjagara in baje yashin da ya kewaye tantuna, ya kwanta lif. Da gari ya yi haske sai in zagaya in ga wanda ya ziyarce mu. Kura ce, ko tunku, ko giwa ta zo satar tsamiya, duk a rubuce nake samu. A da ba mai fita sai na gama na yi fito. Amma shekarun lafiya sun yi yawa, aka daina jiran fiton, ni ma na daina yi.

A ranin da nake magana, matata Ashta ta biyo ni. Mun aurar da 'yarmu Hawaye, gida ya yi mata faɗi, zango kuma na neman mai wanki da kai wa baƙi ruwan zafi. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina cin tuwon Ngaro, mai dafa mana abinci, mutumin Sar wanda hannunsa bai san iyakar barkono ba.

Washegarin zuwanta na fito karatu, na tarar da yashina tas, shatin tsintsiya reras tun daga kicin har tanti na shida.

Ngaro ya leƙo da ludayi a hannu. "Jimet, yau an riga ka karanta jaridar taka, har an naɗe ƙosai da ita."

Na sami Ashta tana hura wuta. Na kira ta yadda muka saba, uwar Hawaye da Larabcinmu, na ce, "Am Hawaye, ki bar sharar nan."

"Kashin birai ne ko'ina, Abu Hawaye. Baƙi su tashi su tarar da tsakar gida haka? A ce matar wa ke nan?"

"Na dai ce ki bari."

Ban faɗa mata dalili ba. Shekara ashirin da shida da aure ban taɓa zama na yi mata bayanin aikina ba, a ganina ba zancen mata ba ne. Ita kuwa ta ɗauka tausayin bayanta nake ji, sai ta ƙara sammako don kada in kama ta tana wahala. Macen da aka haifa a rugar Larabawan shanu, wadda uwarta ke cewa ƙofar da rana ta riska ba shara mala'iku ba sa shiga, ina za ta ji wannan magana?

Kwana uku ina fitowa ina tarar da shara. A kwana ukun nan daji ya canza mini. Birai da ke kwana a tsamiyar kicin, waɗanda ko jifa ba ya korarsu, suka tattara suka koma ƙetaren rafi. Mariyoyi suka daina saukowa shan ruwa a gabanmu. Baƙinmu biyu ne kacal a lokacin, wani dattijo da matarsa a tanti na shida, masu son tsuntsaye. Matar ta tambayi direba me ya sa zango ya yi tsit haka, ya ce mata zafi ne. Ni na san ba zafi ba ne, amma ba ni da abin nunawa.

A rana ta huɗu na samu. Can gefen yashi, gindin wata sabara inda tsintsiya ba ta kai ba, sawu ɗaya. Na ɗora tafina a kai bai rufe shi ba. Namijin zaki ne, tsoho, yatsa ɗaya a karkace, ga jan ƙasa a bayansa alamar ƙafar ba ta ɗaguwa sosai. Lafiyayyen zaki ba ya damuna, ya ratsa zango ya wuce abinsa. Wanda ba ya iya kama ɓauna shi ne ke zama yana nazarin mutane, ya ga wa ke fita shi kaɗai, kuma a wane lokaci.

Raina ya ɓaci, na nufi kicin. Ma'aikata duk suna zaune ana shan jan shayi.

"Ashta!"

Kofin da ke hannunta ya tsaya. Tunda aka haifi Hawaye ban kira ta da sunanta a gaban maza ba.

"Me kika share? Kwana huɗu me kike sharewa?"

"Ganye ne da kashin..."

"Sawu! Kin ga sawu ko ba ki gani ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Duhu-duhu nake yi. Na ga wasu ramuka, ban duba ba."

"Ba ki duba ba! An gaya miki tsakar gidan uwarki ne nan? Ran mutum goma sha ɗaya kike sharewa da tsintsiya. Daga yau kada ƙafarki ta ƙara taka mini yashi sai na gama dubawa. Kin ji ni?"

"Haba Jimet, sassauta," in ji Ngaro. "Yaya ce fa."

"Kai kuma ka tsaya a tukunyarka."

Ashta ta miƙe. Ta kwashe kofuna ta wanke, har da waɗanda ba a gama sha ba. Da rana na sa aka kira masu tsaron gandun daji ta oba-oba, suka ce motarsu na can kudu wajen giwaye, sai gobe da hantsi. Na gaya wa kowa akwai zaki. Ita ban koma na yi mata magana ba, fushi nake, kuma a raina na riga na faɗa mata abin da ya kamata.

Da asuba na idar da salla na fara daga bakin rafi. Yashi na nan yadda na bar shi, ba tsintsiya. Kuma ga shi a rubuce, ɓaro-ɓaro. Ya hau daga rafi. Ya zagaya kicin. Ya tsaya wajen igiyar shanya inda Ashta ke wanki, ya daɗe, don sawun ya nutse. Daga nan ya bi layin tantuna a hankali, daidai hanyar da take bi da bokiti kowace safiya, ya wuce na huɗu, ya wuce na biyar. A na shida ya karkata ya shiga gambar da ke bayan tantin. Na duba gaba, na duba baya, na zagaya har sau biyu. Bai fito ba.

Na koma kicin da sassarfa. "Ngaro, kada kowa ya motsa. Ina Am Hawaye?"

"Ta kai wa tsofaffin nan ruwa, ƙarfe shida za su fita."

"Ƙarya ne. Yanzu na bar yashin, babu sawunta."

Ngaro ya ajiye wuƙar da ke hannunsa. "Ba ta nan ta bi ba. Ta baya ta zaga."

Ta baya babu yashi. Wata 'yar siririyar hanya ce da birai suka fitar, ta ratsa cikin gamba mai tsawon mutum ta ɓulla bayan tanti na shida.

Ba ni da bindiga, ba a ba mu. Sandar manjagara na fizga. Ban yi gudu ba, duk da ƙafafuna na roƙona, don gudu a cikin gamba kiran zaki ne. Ina tafe ina jin rediyon dattijon nan ƙasa-ƙasa a cikin tanti, da tarin matarsa.

Na hango ta inda ciyawar ta ɗan buɗe. Tana tsaye cak, bokiti a ka, hannu ɗaya na riƙe da shi, tururi na tashi. Ruwan ya fallatsa ya zubo mata a wuya da kafaɗa, ruwan da ya bar wuta yanzu, amma ba ta motsa ba. Taku goma sha biyu a gabanta yana kwance, haƙarƙari a waje, haɓa a ƙasa, bakin wutsiya na kaɗawa. Ko kallona bai yi ba. Ita yake kallo.

Na taka a hankali har na shiga tsakaninsu. Na ɗaga sanda da hannu biyu, na buɗe rigata, na yi masa magana da muryar da ake yi wa bijimi mai taurin kai. Ban san me na ce ba. Ya ɗago kai, ya yi wani gurnani da na ji a cikin hanjina. Can sai ga ƙarar mota, Ngaro ya tashi direba, sun taho suna danna ham suna dukan tukwane. Zakin ya miƙe ba gaggawa, ya ƙara duban Ashta ta gefen kafaɗata, ya ja ƙafarsa ya shige gamba.

Na juya na sauke mata bokitin. Fatar wuyanta ta riga ta tashi. Hannunta ya ƙi saukowa daga sama, sai da na kamo shi na sauke.

"Am Hawaye," na ce, "wa ya ce ki biyo nan?"

Ta dube ni. Babu hawaye, babu fushi, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Ban taka maka yashinka ba," ta ce.

Da hantsi masu tsaron gandu suka iso, suka kwashe baƙi zuwa wani zango. Motar da ta kai Ashta asibitin garin Am Timan ba ta dawo da ita ba. Da aka sallame ta, gidan Hawaye ta wuce. Na je biko sau uku. Tana gaishe ni da ladabi, ta kawo mini shayi da hannunta, gyale a naɗe har haɓa don kada in ga tabon. Amma tun ranar ba ta ƙara kirana Abu Hawaye ba. Jimet take cewa, a gaban kowa.