Sawun Zomo a Bayan Munduwa

Da hantsi ne ranar Asabar, iska mai sanyi tana gangarowa daga jajayen duwatsu tana kaɗa rumfunan kasuwar garin Gallup. Leland Bitsilly ya shigo ne don farfesun tunkiya kawai. Maƙerin azurfa ne marar gaggawa, munduwa ɗaya takan ci masa wata guda. Duk abin da ya ƙera yakan buga masa tambari a baya, sawun zomo, da wani ɗan ƙarfe da ya gyara daga tsohon magagari. Mutanensu 'yan ƙabilar Navajo in sun juya munduwa suka ga sawun nan, ba sa tambaya ko shuɗin dutsen da ke jikinta na gaske ne.

Ƙarfen ya ɓace tun damina. Ƙanensa Delbert har da rarrafe a ƙarƙashin tebur wajen taya shi nema.

A layin ƙarshe ya tarar da Delbert ya baza mundaye a kan jan bargo, duk kai ɗaya kamar ƙwai.

"A'a, Yaya, yau kunkuru ya fito shan iska?"

"Yunwa ta koro ni. Yaushe ka zama maƙeri, kai da ko ƙusa ba ka iya miƙarwa?"

Ya ɗauki ɗaya. Ba nauyi. Ya ƙwanƙwasa dutsen a haƙori, ya ji roba ce. Da ya juya, ga sawun zomo, an buga shi a karkace.

"Wani ke kawo min a kwali," in ji Delbert, idonsa a ƙasa. "Baƙi ne ke saye, Yaya. Ina suka san bambanci?"

Leland ya nuna da leɓe wata tsohuwa mai rigar karan-miski da ta bar wajen yanzu, tana shafa sabuwar munduwa.

"Waccan ma baƙuwa ce? Ta juya bayan?"

"Ta juya."

"Me ta ce?"

"Ta ce tunda aikinka ne, jikarta za ta kai wa."

Leland ya miƙa hannu. Delbert ya laluba aljihu ya ɗora masa ƙarfen, da ɗuminsa. Leland ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya dawo hannunsa, amma ba zai ƙara buga shi a bayan komai ba, kuma da bakinsa zai gaya wa tsohuwar nan cewa munduwar ba aikinsa ba ce.

Iska ta ɗaga gefen bargon, mundaye suka fara zamewa. Leland ya sunkuya ya ɗauki dutse ya danne gefen. Delbert bai ɗago ba. Leland kuwa ya bi bayan tsohuwar a hankali.